Kakar 2015 ta Detroit Lions: shekarar da ɗan Accra ya yi fice, ƙungiyarsa ta yi tuntuɓe

A kakar wasanni ta 2015 ƙungiyar Detroit Lions ta buga wasa 16 a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, ta yi nasara a 7, ta sha kashi a 9, ta ƙare a matsayi na uku cikin ƙungiyoyi huɗu na rukuninta. Wanda ya tsaya ga wannan sakamako kawai zai yi mamakin abin da zai sa mazaunin unguwar Nima da ke Accra ya zauna ya yi dogon rubutu a kansa, tunda ba a ɗauki kofi ba, ba a ma kai zagayen fitar da gwani ba. Dalilin shi ne a wannan kakar ce ɗan garinmu, Ezekiel Ansah, ya shiga sahun manyan 'yan tsaron gasar, kuma har yau idan aka tayar da zancen a majalisarmu sai mutane su rabu gida biyu, wasu suna cewa alƙalan wasa ne suka kashe ƙungiyar, wasu suna cewa da hannunta ta kashe kanta. Ni ina tare da na biyun, kodayake hujjar na farkon tana da ƙarfi fiye da yadda abokan ra'ayina suke yarda.

An haifi Ansah a nan Accra ranar 29 ga Mayu, 1989, ya yi karatun sakandare a PRESEC da ke Legon, kuma abin da ya taso da shi, kamar kowane yaro a garin nan, shi ne ƙwallon ƙafa, daga baya ya ƙara da ƙwallon kwando. A 2008 ya tafi Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah domin karatu. Sau biyu ya nemi shiga ƙungiyar kwando ta jami'ar ba a ɗauke shi ba, sai ya koma wasan tsere, sannan a 2010, yana da shekara 21, ya je ya roƙi a gwada shi a ƙwallon Amurka, wasan da abokan karatunsa suka fara bugawa tun suna firamare, shi kuwa ko yadda ake ɗaura kayan kariya a kafaɗa sai da aka nuna masa. Shekara uku bayan haka, a watan Afrilu na 2013, Detroit ta ɗauke shi a matsayin mutum na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙasar baki ɗaya. Wannan labari ne ya sa wasu daga cikinmu a Nima da Maamobi, waɗanda ba su san komai ba sai Hearts of Oak da Kotoko da gasar Ingila, suka fara neman tashar da ke nuna wani wasa mai ƙwallo kamar gwanda, suna lalube riga mai lamba 94.

Domin wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ya kamata ya riƙe. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu ya ci yadi 10 gaba, ko da gudu ko da jifa, idan ya ci a sabunta masa yunƙuri huɗun, idan ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan maki da ke ƙarshen fili ya sami maki 6, da damar ƙara 1 ko 2, wanda kuma ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna ya sami 3. Duk harin yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, wato mai jifa, shi ya sa ake jera ƙarti biyar a gabansa su kare shi. Aikin Ansah shi ne ya fasa wannan katanga ko ya zagaye ta, ya kai mai jifan ƙasa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, kuma yawancin lokaci daƙiƙa uku ce kawai ake da ita. Ana ƙirga kowace kayarwa, idan mutum biyu suka yi tarayya a ba kowa rabi. Ansah ya yi 8 a shekararsa ta farko, ya yi 7.5 a ta biyu.

Detroit ta shiga 2015 ne da kyakkyawan zato da kuma tsohon ciwo. A kakar 2014, ta farko a ƙarƙashin koci Jim Caldwell, ta ci wasa 11, ta kai zagayen fitar da gwani, ta faɗi a hannun Dallas Cowboys da ci 24 da 20 ranar 4 ga Janairu, 2015, a wasan da alƙalai suka jefa tutar laifi a kan ɗan tsaron Dallas, suka sanar da hukuncin, sannan suka ɗauke tutar. Ga ƙungiyar da rabonta da kofin ƙasa tun 1957, irin wannan abu yana zama a zuciyar magoya baya, kuma daga nan ne aka fara kallon kowane alƙali da idon tuhuma. Sai dai abin da ya fi wannan tasiri ya faru ne a ofis, a watan Maris, lokacin da Ndamukong Suh, ginshiƙin tsaron ƙungiyar, ya koma Miami Dolphins a kan kwantiragin shekara shida na dala miliyan 114, Nick Fairley kuma ya koma St. Louis Rams. An kawo Haloti Ngata daga Baltimore ya cike gurbin, amma shekaru sun fara kama shi. DeAndre Levy, wanda ya fi kowa kama masu gudu da ƙwallo a kakar da ta gabata, ya ji rauni a ƙugu, wasa ɗaya tak ya buga. Ke nan nauyin da mutum uku suke ɗauka ya dawo kan Ansah, kuma abokan hamayya, waɗanda a da suke sa mutum biyu su tsare Suh, sun sami sararin juyo da su kansa.

Wasan farko, ranar 13 ga Satumba a San Diego, ya nuna duk cutar da za ta addabi ƙungiyar. Detroit ta yi gaba da 21 da 3, sai Chargers suka zuba maki 30 a jere, aka tashi 33 da 28. Minnesota ta doke su 26 da 16, Denver ta doke su 24 da 12. A lokacin muna tsakiyar dumsor, wuta takan tafi yini da dare, saboda haka kallon ya koma shagon wani abokinmu mai tauraron ɗan adam da ƙaramin janareta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa na kuɗin mai, ana dafa shayi a bakin ƙofa.

Wasa na huɗu shi ne hujjar farko ta masu zargin alƙalai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An buga shi a Seattle daren Litinin 5 ga Oktoba, wanda a agogonmu ya kama bayan sha biyun dare. Seattle ita ce ta je wasan ƙarshe na Super Bowl shekara biyu a jere, filinta kuma yana cikin waɗanda baƙo ya fi shan wahala a cikinsu saboda ƙarar 'yan kallo. Tsaron Detroit ya yi aikin da ya kamata, ya hana mai jifan Seattle, Russell Wilson, sakat, har ma shi ne ya ci wa ƙungiyar maki 6 ɗin da ta samu bayan ƙwallo ta kuɓuce wa Wilson. Saura ƙasa da minti biyu, ana 13 da 10, mai jifan Detroit, Matthew Stafford, ya jagoranci hari tun daga can kusa da gidansu, ya jefa wa babban mai karɓar ƙwallon ƙungiyar, Calvin Johnson, Johnson ya miƙa jiki zai tsallake layin maki, saura bai fi yadi ɗaya ba, sai Kam Chancellor na Seattle ya naushe ƙwallon daga hannunsa. Ƙwallo tana gangarawa cikin gidan maki, K.J. Wright na Seattle ya sa hannu ya ture ta waje da gangan. Dokar wasan ta hana haka, kuma hukuncinsa shi ne a mayar wa Detroit ƙwallo a bakin layi da sabon yunƙuri huɗu. Alƙalin da ke tsaye yana kallo bai jefa tuta ba. A daren nan shugaban sashen alƙalai na NFL, Dean Blandino, ya fito ya amsa cewa an yi kuskure, amma amsa kuskure ba ya sauya sakamako.

Ban musanta cewa an zalunci Detroit a wannan dare ba. Abin da nake tambaya shi ne yadda aka yi 'yan harin da ke da Stafford da Johnson da Golden Tate suka shafe minti 58 ba su kai ƙwallo gidan maki ko sau ɗaya ba. Amsar ta fito fili kwana shida bayan haka, lokacin da Arizona ta je har Ford Field, filin Detroit, ta lallasa su 42 da 17, suka zubar da ƙwallo sau shida, aka cire Stafford aka sa Dan Orlovsky. Babu alƙalin da za a ɗora wa wannan. Tsarin harin da kocin 'yan hari, Joe Lombardi, ya shimfiɗa yana buƙatar mai jifa ya daɗe riƙe da ƙwallo yana jiran masu karɓa su yi nisa, alhali katangar da ke gabansa ba ta iya riƙe kowa, gudu da ƙwallo kuma, wanda shi ne yake rage wa mai jifa matsi, Detroit ce ta zo ta ƙarshe a kansa cikin ƙungiyoyi 32 a wannan shekara. Sun samu sun ci Chicago 37 da 34 a ƙarin lokaci, sannan Minnesota ta sake doke su 28 da 19, ta kai Stafford ƙasa sau bakwai. Washegari aka kori Lombardi da masu horar da katangar su biyu, aka ɗora Jim Bob Cooter, matashi ɗan shekara 31. Abin da kowa yake gani tun Satumba sai ƙarshen Oktoba aka gyara shi, bayan an yi asarar wasa shida cikin bakwai.

Sai tafiyar Landan. Ranar 1 ga Nuwamba suka kara da Kansas City Chiefs a filin Wembley, da ƙarfe biyu da rabi na rana agogonmu, lokacin da ya fi kowane daɗi gare mu, saboda haka shagon ya cika har da waɗanda ba su taɓa kallo ba, an ce musu su zo su ga ɗan Ghana. Aka tashi 45 da 10. Kwana huɗu bayan haka mai ƙungiyar, Martha Firestone Ford, dattijuwa mai shekara 90 wadda ta karɓi ragama bayan rasuwar mijinta William Clay Ford a 2014, ta sallami shugaban ƙungiyar Tom Lewand da babban manaja Martin Mayhew. Iyalin Ford sun yi suna wajen haƙuri da ma'aikatansu ko da abubuwa sun lalace, saboda haka wannan mataki a tsakiyar kaka ya girgiza kowa. Ta bar Caldwell a kujerarsa, kuma a ganina ta yi daidai a nan, domin duk da nasara ɗaya cikin wasa takwas 'yan wasan ba su juya masa baya ba.

Rabin kakar na biyu shi ne abin da ya sa nake ƙaunar wannan shekara. Ƙungiyar da ta tsaya a 1 da 7, wadda kowane ma'aikacinta ya san ana iya sallamarsa a watan Janairu, tana da kowane uzuri na sakin jiki, har ma akwai masu cewa gara ta ci gaba da faɗuwa domin ta sami zaɓi na farko a cikin sababbin 'yan wasa, tunda tsarin NFL yana bai wa na ƙarshe damar fara zaɓa. Sai ga shi ranar 15 ga Nuwamba sun je Lambeau Field, gidan Green Bay Packers, a jihar Wisconsin inda rabonsu da nasara tun 1991, lokacin Ansah yana ɗan shekara biyu a Accra. Sun ci 18 da 16, kuma sai da suka kusa mayar da nasarar da hannunsu: Matt Prater ya zubar da bugun ƙarin maki sau biyu, Calvin Johnson ya kasa riƙe gajeren bugun da Packers suka yi domin ƙwato ƙwallo a ƙarshe, sannan Mason Crosby na Packers ya tsaya zai buga daga yadi 52 ya ƙwace wasan, ƙwallon ta tafi a karkace ba ta ko kai ba. Wanda ya tare jifar da za ta kawo kunnen doki, Crezdon Butler, a cikin makon ne aka ɗauko shi. Mako na gaba suka ci Oakland 18 da 13.

Abin da Cooter ya sauya ba wani sihiri ba ne. Ya rage tsawon jifa, ya sa Stafford ya riƙa sakin ƙwallo da wuri zuwa ga Tate da Theo Riddick a kusa, su kuma su ci sauran yadin da ƙafafunsu, ya kuma ba shi damar sauya tsari a bakin layi idan ya ga yadda 'yan tsaro suka jeru. Mutumin da aka cire daga fili a watan Oktoba ya jefa ƙwallon maki 19 a wasanni takwas na ƙarshe, sau biyu kawai abokan hamayya suka cafke jifarsa. 'Yan wasan su ne dai na watan Satumba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take tun farko.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Alhamis 26 ga Nuwamba, ranar bikin godiya na Amurkawa, wadda Detroit take karɓar baƙuncin wasa a cikinta bisa al'adar da ta faro tun 1934, ƙasar gaba ɗaya kuma tana kallo. An fara da ƙarfe biyar da rabi na yamma agogonmu, muka tashi muka yi magariba muka dawo. Philadelphia Eagles ce baƙuwa, Mark Sanchez ne mai jifarta, kuma Ansah ya kai shi ƙasa sau uku da rabi, a ɗaya daga ciki ya fizge ƙwallon ya kuma faɗa kanta. Wanda ya lura da shi a ranar zai ga amfanin shekarun da ya yi yana tsere da ƙwallon ƙafa: yakan tashi daga durƙuso kafin mai tsaronsa ya gama ɗaga kai, ya miƙa dogon hannunsa ɗaya ya dafe ƙirjin mutumin ya hana shi kama rigarsa, sannan ya karkata kafaɗa ya zagaye shi ba tare da ya rage gudu ba. Stafford ya jefa ƙwallon maki biyar, uku daga ciki Johnson ne ya cafke, aka tashi 45 da 14. Akwai wani dattijo tela da ke maƙwabtaka da shagon, tsohon mai goyon bayan Hearts, wanda ya daɗe yana cewa wannan wasa kokawa ce kawai da hular kwano. A ranar ya ja kujera ya zauna har ƙarshe, da aka nuna fuskar Ansah kusa ya juyo ya ce mini, "Ɗana, wannan yaron da gaske a Legon ya yi makaranta?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Ya ce to daga yau a riƙa kiransa.

An kira shi kuwa mako guda bayan haka, daren Alhamis 3 ga Disamba, wanda a wurinmu ya kama wajen ƙarfe ɗaya da rabi na daren Juma'a, sanyin hunturu ya fara sauka. Green Bay ce ta zo Ford Field. Da Detroit ta ci, da ta koma 5 da 7 da nasara huɗu a jere, da kuma maganar zagayen fitar da gwani ta dawo da rai. Ta yi gaba da 17 da nema tun a kashin farko na wasan, ta kai 20 da nema bayan hutun rabin lokaci. Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan Packers a bakin gidan maki, abokinsa Randall Cobb ya faɗa kanta a ciki, suka sami maki. Da Detroit ta karɓi ƙwallo, Julius Peppers na Packers ya fizge ta daga hannun Stafford, suka ƙara. Detroit ta ƙara 3 da bugun ƙafa, sai mai jifan Packers, Aaron Rodgers, ya ruga da kansa ya ci wani, aka koma 23 da 21. Mu da muka ga Black Stars a watan Fabrairun wannan shekarar, a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Bata, suna gaba da biyu a bugun fenariti sannan Kodebuwa ta ɗauke kofin da 9 da 8, mun san wannan nauyin da ke sauka a ciki idan rata ta fara narkewa.

Packers sun karɓi ƙwallo saura daƙiƙa 23, suna nesa ƙwarai. A yunƙurin da ya kamata ya zama na ƙarshe suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo baya baya har ta dawo hannun Rodgers, Devin Taylor na Detroit ya kai shi ƙasa, agogo ya cika, muka miƙe tsaye. Sai ga tuta. Alƙali ya ce hannun Taylor ya kama ƙarfen fuskar hular Rodgers, kuma doka ta ce wasa ba ya ƙarewa a kan laifin masu tsaro, saboda haka aka ƙara wa Packers yadi 15 da yunƙuri ɗaya ba tare da agogo ba. Da aka maimaita hoton a hankali, abin da ya bayyana shi ne babban yatsan Taylor ya shafi ƙarfen ne kawai, sauran hannun yana kafaɗa. Wannan ita ce hujja ta biyu ta masu zargin alƙalai. Amma a cikin gudu, kan Rodgers ya juya, kuma da wuya a sami alƙalin da zai ga haka ya riƙe tutarsa, NFL ma ta tsaya a kan hukuncin.

Abin da ya biyo baya shi ne inda na tsayar da shari'ata. Ƙwallo tana yadi 61 daga gidan maki. Duk wanda ya san Rodgers ya san hannunsa zai iya kai ta can, kuma abu biyu ne ke hana irin wannan jifar neman sa'a: a matsa wa mai jifa kada ya sami lokacin da masu karɓa za su isa, a kuma tara dogaye a gidan maki su kaɗe ƙwallon. Detroit tana da mutumin da ya fi dacewa da kowanne. Tana da Ansah, wanda kwana bakwai da suka wuce ya hana Sanchez numfashi, tana kuma da Calvin Johnson, mai tsawon kusan mita biyu, wanda babu mai tsalle ya riga shi taɓa ƙwallo a sama. Johnson yana tsaye a wajen fili. Ansah kuwa an janye shi daga layi an ajiye shi can gefe yana gadin miƙe-miƙen baya, domin masu horarwa sun ɗauka abin da Packers za su sake yi ke nan, kamar yadda Caldwell ya faɗa da bakinsa bayan wasan. Mutum uku kawai aka tura su kamo Rodgers. Ya kauce musu, ya gangara dama, ya sami filin ɗaukar gudu, ya cilla ƙwallon sama har ta kusa taɓa ƙarafan rufin filin, wani ɗan Packers mai suna Richard Rodgers ya ja da baya ya tsaya a gaban 'yan tsaron da duk suka taru a bayansa, ya yi tsalle ya cafke. Aka tashi 27 da 23. Dattijon nan bai ce komai a kan alƙali ba. Tambayar da ya yi ita ce, "Ina aka kai ɗan namu?" Aka nuna masa lamba 94 a gefen hoton, shi kaɗai, babu kowa kusa da shi. Ana haka aka fara kiran assalatu a masallatan unguwa, muka kashe janareta.

Masu ra'ayin farko suna da lissafi mai kyau, kuma adalci ne a kawo shi. Green Bay da Seattle su ne suka shiga zagayen fitar da gwani ta ƙofar raɓa, wato ba a matsayin zakarun rukuni ba, a wannan shekara, kowace da nasara 10. Da Detroit ta ci waɗannan wasanni biyu, da dukkansu uku sun tsaya a 9 da 7, kuma da Detroit ce a gaba tunda ta doke su duka. Lissafin daidai ne. Abin da ya ɓace a cikinsa shi ne sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙungiyar da ta zubar da ratar maki 18 a San Diego da ratar maki 20 a gidanta, wadda ta bari aka zuba mata maki 42 a wani wasa da 45 a wani cikin wata ɗaya, wadda ta bar tsarin da ba ya aiki har wasa bakwai, ita ce ta kai kanta inda hukunci ɗaya zai iya yanke mata kaka. Kwana goma bayan wasan Packers ta je St. Louis ta faɗi 21 da 14 a hannun Rams, ƙungiyar da ta sha kashi sau biyar a jere kafin ranar, kuma babu wanda ya ambaci alƙali.

Duk da haka sun ƙarasa da mutunci. Sun ci New Orleans 35 da 27, sun ci San Francisco 32 da 17, sun rufe da Chicago 24 da 20 ranar 3 ga Janairu, 2016, wato nasara shida cikin wasa takwas na ƙarshe. Ansah ya gama da kayarwa 14.5, shi ne na uku a gasar baki ɗaya, bayan J.J. Watt mai 17.5 da Khalil Mack mai 15, rabi kacal ya rage ya kamo tarihin ƙungiyar na 15 da Robert Porcher ya kafa a 1999, aka kuma zaɓe shi zuwa wasan taurari na Pro Bowl. Shekararsa ta shida ke nan da fara taɓa ƙwallon. A cikin watan Janairun ne kuma, lokacin da gubar dalma ta gurɓata ruwan sha a garin Flint da ke kusa da Detroit, ya haɗa kai da wasu abokan wasansa suka kai kwalaben ruwa 94,000, daidai da lambar rigarsa. Mu da muka san abin da ake nufi da bin layin famfo da jarka tun asuba, wannan ya ƙara masa daraja a idonmu fiye da kowace kayarwa. Jikinsa bai sake ba shi cikakkiyar shekara irin wannan ba: raunin idon sawu ya tsayar da shi a 2 a kakar 2016, ya farfaɗo da 12 a 2017, kafaɗa ta dame shi a 2018, daga nan ya bar Detroit.

Babbar asarar kakar ta zo ne bayan an rufe ta. A watan Maris na 2016 Calvin Johnson ya sanar da ajiye wasa yana da shekara 30, bayan kakar da ya cafke ƙwallo 88 ya ci yadi 1,214, wato yana nan da ƙarfinsa. Shi ne mai tarihin yadi 1,964 a kaka ɗaya, wanda ya kafa a 2012, kuma a shekara tara da ya yi wa Detroit bai taɓa ganin nasara ko ɗaya a zagayen fitar da gwani ba. Ya yi maganar ciwon da jikinsa ya tara, daga baya kuma ya bayyana cewa rashin ganin alamar ƙungiyar za ta kai ga kofi yana cikin abin da ya sa ya haƙura. Haka wani tauraron Detroit, Barry Sanders, ya tafi a 1999 yana kan ganiyarsa. Sabbin shugabannin da aka naɗa bayan korar Nuwamba sun nemi Johnson ya mayar da wani ɓangare na kuɗin sa hannun da aka riga aka biya shi. Kwantiragi ya ba su wannan dama, amma ƙungiyoyi da yawa sukan yafe wa wanda ya yi musu irin wannan hidima, kuma Johnson ya yi shekaru yana nesa da ƙungiyar saboda haka, har lokacin da aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan a 2021 tsakaninsu bai gama gyaruwa ba.